Hayar fulat a sababbin unguwannin Abuja: kuɗin ɗaki daban, kuɗin zama daban

Wanda ya shekara goma bai leƙa Jahi ko Mabushi ko Wuye ko gangaren Katampe ba, in aka sauke shi can yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda a da ake ganin gonaki da gidajen ƙasa masu rufin kwano, yanzu benaye ne hawa uku hawa huɗu, an shafe su da fari da ruwan toka, ga get na ƙarfe, ga waya mai lantarki a kan katanga. Da wuya ka wuce katanga uku ba ka ga ƙyalle ɗauke da lambar dillali ba. In ka kira shi, zai faɗa maka kuɗin shekara cikin numfashi ɗaya, ya ɗora da cewa gida sabo ne fil, wuta ba ta ɗaukewa, ruwa ba ya yankewa, tsaro kuwa ba a magana.

Adadin da ya faɗa kuɗin bango ne da rufi. Wutar da ruwan da tsaron da ya jero kamar gyara aka yi maka, su ne ainihin hajar da ake sayarwa a irin waɗannan unguwanni. Farashinsu ba ya cikin adadin, kuma babu takardar da ta ɗaure shi. Dalilin haka yana cikin yadda unguwannin suka samo asali.

Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, ita ta kafa yankin babban birnin tarayya, ta kuma mayar da ƙasarsa baki ɗaya hannun gwamnatin tarayya. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta tsara a gina shi kashi-kashi. A kashin farko, wato Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar birni, gwamnati ta shimfiɗa tituna da bututun ruwa da magudanan ƙarƙashin ƙasa, sannan ta tare a watan Disamba na 1991. Kashi na biyu, inda Utako, Jabi, Wuye, Mabushi, Jahi, Katampe, Kado da Durumi suke, nan aka samu tangarɗa. An raba filaye a takarda, aikin titi da ruwa kuma ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Masu filaye suka gaji da jira suka kama gini. Aka kawo amarya kafin a rufe ɗaki.

Filayen nan kuma ba daji ba ne, akwai mutane a kansu. Shirin farko shi ne a kwashe mazauna yankin, galibinsu Gbagyi, a sake musu matsuguni, kuma an kai wasu Sabon Wuse a jihar Neja. Kuɗi ya gaza, manufa ta yi ta sauyawa, ƙauyuka da yawa suka zauna inda suke. Leburorin da suka gina birnin, da direbobi, da ƙananan ma'aikata, da 'yan tireda, duk a cikin ƙauyukan nan suka samu ɗakin da aljihunsu zai ɗauka. Rusau na zamanin da Nasiru El-Rufai yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, ya share matsugunai da yawa, kuma abin bai tsaya ba. Ko a 2025 an rushe gidaje a Gishiri, gefen Katampe, domin hanya ta wuce. Zancen diyya ko sabon matsuguni da 'yan asalin wuri ake yin sa. Baƙon da ya kama ɗaki a wurinsu sai dai ya ɗaure kayansa ya nufi Mararaba ko Masaka ko Suleja ko Zuba.

Akwai wata hanyar kuma da tsohuwar unguwa ke komawa sabuwa ba tare da katafila ta gwamnati ba. A zamanin Obasanjo an sayar da gidajen gwamnati na Abuja, yawanci ga ma'aikatan da ke ciki. Gida ne ƙarami a fili mai faɗi. Ma'aikaci ya yi ritaya ya sayar, wanda ya saya ya rushe, ya tayar da bene mai fulat shida ko takwas. Daga waje abin sha'awa. Sai dai bututun ruwan da ya shigo filin da layin wutar da tiransifomar layin, duk don iyali ɗaya aka auna su.

Ko ta wace hanya aka bi, sakamakon ɗaya ne: gini ya riga unguwa girma. Abin da ya kamata hukuma ta kawo bakin ƙofa, mai gini ne ke samar da shi a cikin katanga, ɗan haya kuma shi ke biya.

Mu fara da kuɗin shiga. A ɗauka, don misali kawai, an ce maka ɗaki uku da falo naira miliyan 8 a shekara. La'adar dillali a Abuja galibi kashi 10 cikin 100 ce, wato dubu 800. Kuɗin lauya kashi 5 zuwa 10, a ce wata dubu 800 ɗin. Sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda aka ce za a mayar maka ranar tashi, a ce dubu 500. Sai kuɗin hidimar gida na shekara, a ce miliyan ɗaya da rabi. Kafin a miƙo maka makulli ka fitar da miliyan 11 da dubu 600. In gidan sabo ne mai shi ya ce shekara biyu yake so a dunƙule, la'ada da kuɗin lauya a kan jimillar miliyan 16 za a lissafa su, ka ga an haura miliyan 21. Ba a yi zancen labule ba, ba a yi zancen na'urar sanyaya ɗaki ba, don da yawa daga gidajen da ake kira na zamani rami kawai aka huda a bango aka bar maka.

Kuɗin lauyan nan yana ba ni mamaki har gobe. Lauyan na mai gida ne, don kare mai gida ya rubuta yarjejeniyar, sau da yawa ma tsohuwar takarda ce aka canza suna da kwanan wata, amma ɗan haya ne ke biyan ladan. Tunda dai kai ka biya, ka karanta ta layi-layi, in da hali ka kai wa naka lauyan ya duba. Game da dillalai kuwa, wanda ka kira a waya ba lalle ne shi mai gida ya ba aiki ba. Yakan zama na uku ko na huɗu a sarƙa, kowa na jiran rabonsa, shi ya sa la'ada ba ta ragowa, shi ya sa kuma ake karɓar kuɗin ganin gida tun kafin a buɗe maka get. Ginin da ba a ƙarasa ba shi ne tarkon da ya fi kama mutane: a nuna wa mutum biyar fulat ɗaya, kowa ya biya, ranar tarewa a haɗu a bakin ƙofa. Kuɗi ya tafi asusun mai gida, ko na wanda ya nuna maka takardar wakilci daga mai gida, ba na wanda ya rako ka ba.

Me ya sa ake biyan shekara a dunƙule, alhali albashi wata-wata yake zuwa? Mai gini ya sayi siminti a lokacin da buhu ya haura naira dubu 10 a wasu wurare a farkon 2024, in kuma bashin banki ya ci, ruwan da ke kansa ya doshi kashi 30 cikin 100. So yake uwar kuɗinsa ta dawo da wuri. Yana kuma tsoron kotu, don fitar da ɗan hayar da ya daina biya kan ɗauki watanni. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, duk da ta cire unguwanni irin su Ikoyi da Victoria Island daga ciki. Abuja ba ta da irin wannan. Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudiri majalisar dattawa a 2022 don a koma biyan wata-wata a birnin, amma bai zama doka ba. Wani abin lura shi ne, da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, lissafin ya juya. Wanda ya biya shekara biyu ya ɗaure farashi, shekara ta biyu ta zo masa da sauƙi. Masu gidajen da suka farga sun gwammace shekara ɗaya-ɗaya don su samu damar ƙari.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato kuɗin hidima. A takarda, shi ne kuɗin masu gadi, da shara, da kwashe bola, da fitilun harabar gida, da famfon tura ruwa tanki, da gyaran janareta, da lif in akwai. Kamfani ko manajan da mai gida ya ɗauka ne ke karɓa. A yawancin yarjejeniyoyi, abin da ka biya a farkon shekara kafin alƙalami ne. Akwai layin da ke cewa za a iya sake duba shi in farashi ya motsa, kuma a Najeriyar da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023, farashi bai daina motsi ba. Wasiƙar neman ciko kan zo ne ta zauren WhatsApp na gidan, da dare, da wa'adin mako guda.

Man janareta sau da yawa ba ya ma cikin wannan kuɗin, lissafinsa daban. Babban janaretan gas kan ba da kusan yunit uku na wuta a kowace lita, in yana ɗauke da kayan da suka dace da girmansa. Tun da litar gas ta haura naira dubu, kowane yunit ya wuce naira 300 a kuɗin mai kaɗai, ban da sabis da canjin matatar mai da ladan mai kula da shi. To janareta ba ya rage shan mai daidai da raguwar masu amfani da shi. Wanda aka saya don fulat goma sha biyu, in huɗu ne kawai ke da mutane, zai ci gaba da zuƙar mai sosai, a raba wa mutum huɗun nan. Ga tambayar da mutane ba sa yi wa dillali, kuma ita ce ta fi kowace nauyi: fulat nawa ne babu kowa a ciki, kuma wa ke biyan kasonsu? In mai gida ya ce shi ke biya, a rubuta. In ya yi shiru, kai ne.

Gidajen da babu kowa kuwa ba su da wuyar samu a Abuja. Wasu an gina su ne don a adana kuɗi, ba don a zauna ba, mai su ba ya gaggawar rage haya. A watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma bayan ƙarar da hukumar EFCC ta shigar. Wannan babba ne da ya fito fili, ƙananansa suna nan layi-layi.

Wutar gwamnati ma ba sauƙi ba ce. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a yunit, daga baya aka ɗan rage ya tsaya sama kaɗan da 200. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana jan yunit ɗaya da 'yan kai a awa. Ka kunna ta awa takwas kowane dare a zafin Maris da Afrilu, ɗaki ɗaya tak zai doshi naira dubu 60 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. Su kuma gidajen nan, da manyan tagogin gilas da ba sa buɗewa sosai da rufin da aka ɓoye a bayan bango, ba a zana su don iskar Allah ta ratsa ba. Sai a duba mitar da ke bangon. In ta AEDC ce, kamfanin da ke rarraba wuta a Abuja, kai da su ne, a farashin hukuma. In ta gidan ce, manaja ne ke sayen wuta a dunƙule, ya gauraya da kuɗin gas, ya sayar maka a farashin da ya yanka. A irin wannan tsarin, ranar da kuka saɓa kan kuɗin shara, wutarka ce za ta fara ɗaukewa.

Ina ganin kuɗin hidima ba zalunci ba ne a karan kansa. Gadi da ruwa da wuta ba sa zuwa kyauta, kuma gidan da ba a karɓar komai shi ne wanda za ka tarar da famfonsa ya mutu wata uku ana jiran wani ya fara ciro kuɗi. Abin ƙi shi ne a karɓa babu bayani. Gidan kirki yana da lissafin bara a rubuce: lita nawa aka saya, nawa aka biya masu gadi, nawa ya rage. Manajan da ya ji haushi don ka nemi ganin wannan takardar ya riga ya ba ka amsa.

Ruwa ba ya buƙatar dogon bayani. Inda bututun madatsar Usuma ya kai, an huta. Inda bai kai ba, rijiyar burtsatse ce, kuma a ƙarshen rani wasu kan ja baya, sai a koma sayen tanka. Buɗe famfon banɗaki ka duba farin tangaran: in akwai jan tabo, ruwan na da ƙarfe, kuma haka fararen kayanka za su koma. Shi kuwa gini, a watan Agusta ake sanin gaskiyarsa. A hawan ƙarshe ka ɗaga kai ka dubi kusurwar silin, tabo mai launin ƙasa-ƙasa yana nufin magudanar rufin na tsiyaya. A hawan ƙasa ka shafa bango daga gwiwa zuwa ƙasa, in fenti na kumbura yana zuba kamar gari, danshi ne ke hawowa. Ka tambayi inda sokawe yake, ka tsaya kusa da shi minti biyu. Ka dubi inda ruwan layin ke bi in an yi sama. Ambaliyar da ta shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a watan Yuni na 2023 ta nuna abin da ke faruwa in aka yi gini a kan hanyar ruwa.

Takardun fili ba na ɗan haya ba ne, amma in suka samu matsala shi ake rufe wa ƙofa. A Abuja minista ne ke ba da fili, takardar mai unguwa ko ta sarkin ƙauye ba ta tsayawa a gaban hukuma. Mai takarda kuma yana biyan harajin fili duk shekara. A watan Maris na 2025 gwamnatin birnin, ƙarƙashin Nyesom Wike, ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin wannan haraji, a watan Mayu kuma aka fara garƙame gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, kafin shugaban ƙasa ya sa baki a ba da wa'adi. In an iya sa wa wannan ginin kwaɗo, benen da ke bayan layi a Mabushi ba komai ba ne. Haka in mai gini ya samu izinin hawa biyu ya ɗora na uku, ko ya ci gefen hanya, jan fentin hukumar kula da gine-gine zai bayyana a katanga wata safiya, kuɗin shekararka kuma yana aljihun wani.

Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi notis: mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan shekara-shekara wata shida, sannan wani notis na kwana 7 kafin a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon canza makulli ko cire ƙofa ko watso kaya waje da kansa. Amma wata shidan nan na aiki ne in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, kuma lauyoyin masu gidaje sun san haka. Sai su rubuta cewa hayar ta wa'adi ce tsayayye, daga rana kaza zuwa rana kaza. Da ranar ta cika haya ta mutu da kanta, kwana 7 kawai ya rage maka, kuma duk kwanan da ka ƙara za a lissafa maka kuɗinsa.

Ga iyalin Bahaushe akwai wani lissafin da ba na kuɗi ba. Fulat ba shi da zaure, ba shi da tsakar gida. Baƙo na buɗe ƙofa ya faɗo falo, a sabon yayi ma kicin ɗin a buɗe yake cikin falon, uwargida na tuƙa tuwo abokan maigida na kallo. Dokokin gidan kan hana shanya a baranda, su hana daka a turmi don na ƙasa, su ƙayyade yawan mutanen da za su kwana, abin da ba ya yiwuwa ga wanda 'yan uwa ke sauka wurinsa duk lokacin da aka zo ganin likita ko neman biza. Ragon layya ma sai an nemi izinin inda za a ɗaure shi da inda za a yanka. Daɓen katako mai sheƙi ba ya shiri da ruwan alwala. In kuma rabin benen an mayar da shi masaukin baƙi na 'yan kwanaki, kamar yadda ake yayi yanzu, kullum da sababbin fuskoki a matakala, masu kunna kowace na'ura dare da rana tunda ba su ke sayen gas ba. Duk waɗannan ana iya tambayarsu kafin a biya.

Akwai ɗan sauƙi daga wajen haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba mai biyan haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayarsa daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji, amma kada ya wuce naira dubu 500. Ba kuɗi ne za a ba ka a hannu ba, kuma sai da shaidar biya, don haka rasit ya zama abin adanawa.

Sai shekara ta zagayo. Mutumin da ya tare lokacin da layin ke da taɓo, ya sha canza ƙafar mota, ya saba sayen kayan miya da gyaran taya a ragowar ƙauyen da ke bayan katanga, shi ne zai ga an zuba kwalta an kafa fitilu. Kwaltar da gwamnati ta zuba da kuɗin jama'a, a wasiƙar sabunta haya za ta iso masa, don unguwa ta yi daraja. In an haɗa da rushe ƙauyen, mai gadi da mai aikin gida sun koma Mararaba, kuɗin motarsu ya shiga kuɗin hidima. Babu dokar da ta ƙayyade ƙarin haya a Abuja. Mai gida kuma ya san lissafin da kai ma ka sani: in ka tashi, sabuwar la'ada da sabon kuɗin lauya za su cinye kusan kashi 20 cikin 100 na hayar wani gidan, ga motar kaya, ga cire na'urori da sake ɗaura su, ga labulen da ba zai dace da sababbin tagogi ba, ga makarantar yara, ga kuɗin ajiyar da za a ce fenti ya cinye. Duk ƙarin da bai kai wannan jimillar ba, ya san za ka yi ƙorafi ka biya. Lokacin da ɗan haya ke da bakin magana shi ne ranar farko, fulat na kulle babu kowa, mai gida na ƙaguwa kuɗi ya shigo. A ranar ake neman a rubuta hayar shekara ta biyu, ko iyakar kason da za a iya ƙarawa, da watannin notis, da kwanakin da za a mayar da kuɗin ajiya bayan an miƙa makulli, tare da hotunan kowane ɗaki da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu.